Ɗorawar da Na Sare

"Matsa hagu," in ji Baba Shekwolo. "A'a, ka yi yawa. Koma."

Na mayar da kan kwale-kwalen. Yana kwance a tsakiya kan tabarma, 'yarsa Liyatu ta tallafe masa kai, ni kuma ina baya da filafili. Kwana huɗu ke nan da aka sallamo shi daga asibiti, irin sallamar nan ta a kai shi gida ya huta. Kowa ya gane abin da ake nufi.

Shekara goma sha ɗaya muna katanga ɗaya da shi a bakin madatsar ruwan Tagwai, tun tasowata daga Bida. Ya sha ba ni labari cewa kafin ruwa ya taru a nan, gidansu na can ƙasa, da rumbuna da maƙerar kakansa da kabarin uwarsa. Duk shekara gab da damina yakan shiga ruwa shi kaɗai, ya tsaya daidai wurin, ya zuba dawa tafi ɗaya, ya juyo. Duk waɗanda suka san wurin sun mutu, saura shi. Ran nan ya ce ko da rarrafe sai ya nuna wa Liyatu, ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Ruwa ba shi da alama, don haka masunci da abin da ke tudu yake auna wuri.

"Ga dutsen can mai tsaga," ya ce, numfashinsa na sarƙewa. "In ɗorawa ta rufe tsagar, mun hau layi. Sai a bi da gora har a taɓa dutsen murhun gidanmu. Ina ɗorawar?"

Ɗorawar a gonata take. Wata biyar da suka wuce na sa masu inji suka kayar da ita, wai inuwarta na kashe mini doya. Matata Zuliha har faɗa ta yi saboda kalwa, na ce ta rabu da ni. Wallahi ban san abin da nake sarewa ba.

Liyatu ta dube ni. Ta ga kututturen da safe.

"Baba, rana ce ta kashe maka ido," ta ce.

"Idona ƙalau yake. Zikrullahi, ina ɗorawar?"

"Baba, na sare ta."

Ruwa na ta bugun cikin kwale-kwalen. Na gwammace Baba ya zage ni tas, in san na karɓi nawa.

"Ka ƙone kututturen?"

"Yana nan."

"To, je ka tsaya a kai."

Muka juya gaɓa. Liyatu ta karɓi filafili. 'Yar masunci ce, zaman gari a unguwar Tudun Fulani da aikin koyarwa ba su mantar da ita ba. Ni kuwa na kwasa da gudu cikin kunyoyin doya, takalmi ɗaya ya tsaya a laka ban waiwaya ba. Na tuɓe farar rigata, na ɗaura a kan dogon kara, na hau kututturen na ɗaga sama.

Daga nan kwale-kwalen bai fi ɗan tsinke ba. Ya yi dama, ya dawo, ya sake wucewa. Iska ta taso tana fizgar rigar, kafaɗuna suka ɗauki zafi. Ina ta cewa a raina, Allah ka ara masa minti goma, goma kacal. Na ga Liyatu ta miƙe tana caka gora, ta matsa, ta caka, ta matsa. Sai ta tsaya. Ta sunkuya ta daɗe. Can na ga hannunta ya watsa wani abu a ruwa.

Ta zauna, ba ta tuƙa ba. Ban san ko in sauke hannu ba, don haka ban sauke ba, har yayyafi ya fara.

Da ta iso gaɓa ta riga ta lulluɓe shi da zanenta har kai.

"Kun samu?" na ce.

"Mun samu. Shi ya riƙe gorar da kansa, ya ji dutsen." Ta share fuska da bayan hannu. "Ya ce in gaya maka ɗorawar ta fi ka tsawo."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, a gaban 'yar mutane.

Washegari aka binne shi bayan addu'a a cocinsu. Da muka dawo Zuliha ta miƙo mini kalwa uku a tafin hannu. Na shuka su a gindin kututturen. Ɗaya ce ta fito, na kifa mata tsohon kwando saboda awaki.

Jiya na je dubawa. Ta kai mini gwiwa.