Tawada a Babban Yatsa

Malamar aji huɗu ta gaji da karatun aku. Ka tambayi yara wa ke zaɓen shugaba, su haɗa baki su ce "jama'a". Ka ce su wane ne jama'ar, su yi tsuru-tsuru suna kallon silin. Shi ya sa da darasin zamantakewa ya iso kan zaɓe, ta ce ba za ta cika allo da rubutu ba, monita za su zaɓa da hannunsu.

Ta samo kwalin alli ta huda samansa, ta yayyanka takardu, ta aro tawadar hatimi a ofis. Duk wanda ya jefa ƙuri'a sai ta dangwala masa a babban yatsa. Ta gaya musu, har da dafa ƙirji, cewa abin da akwatin nan ya faɗa babu mai canza shi, ko da ita ce.

Wadda ake wa laƙabi da Rediyo ce ta ci. Yarinya ce 'yar firit mai bakin da ba ya hutawa, amma ita ke raba faɗa, ita ke nemo wa marar fensir aro. Dogo, wanda ya fi kowa tsawo a ajin, ƙuri'unsa ba su taka kara sun karya ba, kuma shi ya fara tafi. Malama ta rataya wa Rediyo makullin kabad a wuya, igiyar har cibiya. Washegari wata uwa ta rako ɗanta tana mita, wai ya ƙi wanke hannu don kar tawadar ta goge. Malama ta ba ta haƙuri, amma a ranta daɗi ne fal.

To, shi Hedimasta yana da tasa hanyar, kuma bai taɓa jin tana da aibu ba. Jera yara yake yi a jikin bango, ya bi kawunansu da rula, wanda ya fi tsawo shi ne monita, wai shi sauran za su ji tsoro. Da ya shigo zagaye ya ga makulli a wuyan Rediyo, ko kallon Malama bai yi ba. Ya ce kowa ya tashi ya jingina da bango. Ya auna abinsa a tsanake, ya zare igiyar daga wuyan yarinyar har tana kama mata kunne, ya rataya wa Dogo, ya fita yana kaɗa rula.

Ran Malama ya ɓaci. Ta bi shi ofis da alli a hannu, ko sallama ba ta yi ba.

"Yallaɓai, zaɓe suka yi. A gabansu na ƙirga."

"Na ji labari," in ji shi, yana neman murfin biro. "Kin yi ƙoƙari. An yi wasa, an gama, sai a koma aiki."

"Ba wasa ba ne, darasi ne. Yana cikin manhajar da kai ka miƙo min."

"Manhaja cewa ta yi ki koyar da zaɓe, Malama, ba ta ce ki yi shi ba. Wannan 'yar tsurut ɗin wa za ta hana surutu? Ita ce ma surutun."

"To da wace fuskar zan koma musu? Na ce musu babu mai canzawa."

"Sai ki daina yin alkawari da abin da ba naki ba."

Wannan maganar ce ta fi ƙona mata rai, don ko ɗaga murya bai yi ba. Da faɗa ya yi, da ta samu abin kamawa. Ta ce za ta kai maganar gaba, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ta fito tana huci, sai a bakin ƙofa ta lura allin ya dagargaje a tafinta.

An riga an fita hutun tara. A bakin famfo ta tarar da 'yan ajinta sun yi cincirindo, ba mai wasa, ba mai dariya. Yashi suke ɗiba suna dirzar babban yatsa. Har ɗan nan da ya ƙi wanke hannu yana ciki, ya fi kowa himma. Dogo na gefe, ya cusa makullin cikin riga don kar a gani.

"Ku bari," ta daka musu tsawa. "Wa ya ce ku wanke?"

Suka ci gaba da dirza. Haushin Hedimasta ne take saukewa a kan yara, ta kuma san haka, sai abin ya ƙara tunzura ta. Ta kamo hannun Rediyo. Yatsan ya yi ja ya saluɓe, tawadar kuwa tana nan daram a gefen farce.

Yarinyar ba ta yi kuka ba, kuma yau bakin nan babu gudu. A hankali ta ɗago kai.

"Malama, in an tambaya a jarrabawa wa ke zaɓen shugaba, wanne za mu rubuta? Wanda kika faɗa, ko wanda aka yi?"

Sauran suka tsaya da dirza, duk suka juyo suna jira, don tsakani da Allah suke son sani. Malama ta san amsar da ke kawo maki, ita ce ma za ta yi makin.

"Jama'a za ku rubuta," ta ce.

"To, Malama," in ji Rediyo. Ta zare hannunta, ta duƙa ta ƙara ɗibar yashi.