Hannun Miƙa Koko

Shekarar da motocin soja ke kwasar samarin Tamale zuwa yaƙin Bama, zamanin mulkin Turawa, Fusena ta zame a bakin dam da tulu a kanta. Rani ne, ruwa ya ja baya ya bar taɓo mai santsi, ita kuwa garin ceton tulu ta dafa ƙasa da hannun dama. Tulun bai tsira ba, hannun ma haka. Kafin ta iso zango wuyan hannun ya kumbura suntum.

Yayarta Azeta ce ta tarbe ta da salati. A gidan Azeta Fusena ke zaune tun rasuwar mijinta, tana sayar da koko da ƙosai a tashar motocin Kumasi. Ita Azeta matar malam ce, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Nan da nan ta ɗora ruwan zafi, ta yi ta gasa hannun tana murza shi da man kaɗe, Fusena na ihu, ita tana cewa, "Daure, haka ake yi." Da gari ya waye kumburi ya ninka na jiya. Maɗori ya zo ya lallatsa, ya ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne, ya yi tofi ya kama gabansa.

Ihun da Fusena ta sake yi ne ya shigo da Mami Hagar, maƙwabciyarsu mutuniyar Kudu, ma'aikaciyar jinya a asibitin gwamnati. Ta dubi hannun, ta dubi tukunyar ruwan zafi, ta riƙe baki.

"Wa ya sa wuta nan?" ta ce da Hausarta ta kasuwa. "Sabon ciwo ba shi so zafi, ba shi so murza. Ruwan randa, sanyi. Kuma hutu."

Ta zaunar da Azeta ta koya mata. A jiƙa tsumma da ruwan randa a ɗora. A naɗa bandeji daga tafi zuwa sama, kada a matse, a riƙa duba farce, in ya yi duhu a sassauta. A rataye hannun a wuya da ɗankwali, in Fusena za ta kwanta a ɗora shi bisa matashi. Ta ja wa Azeta kunne, ta ce kada hannun nan ya ɗauki ko cokali sai zogin ya tafi.

Azeta ta ji kunyar gashin da ta yi, don haka ta riƙe jinyar nan hannu bibbiyu. Ita ke yi wa ƙanwarta wanka, ita ke ɗaura mata zane, ita ke yanko tuwo ta sa mata a baki kamar jinjira. Kumburi ya fara saɓewa, har Fusena na motsa yatsu tana dariya. Wallahi da an bar hannun nan ya huta da ya warke.

Sai labari ya zo cewa wata mata ta fara girke tukunyarta a gindin bishiyar da Fusena ke zama. Wurin tasha kuwa ba gado ba ne, wanda aka saba gani shi ke da shi. Fusena ta ce zama bai gan ta ba. Azeta ta dama mata koko, ta soya ƙosai, ta ɗora mata a ka, ta ce, "Je ki, amma da hagu za ki yi komai."

Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga Fusena ta dawo da tukunya cike, idanu jawur. Wani direba, Ɗankande, wanda ya shekara yana karyawa a wurinta, ta miƙa masa kwano da hagu, ya ja da baya ya ce shi ba kare ba ne. Ta nuna masa ɗaurin, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya juya wurin waccan matar. Sauran ma duk suka bi shi, kowa na yi mata sannu yana wucewa.

"Yaya, kwance mini," in ji Fusena.

"Kin ji abin da Mami ta ce."

"Mami albashi take ci. Yaya, don Allah. Da safe kawai, in na dawo ki mayar."

Azeta ta san ba daidai ba ne, ta sani sarai. Amma gaba kura baya sayaki, kuma kukan ƙanwarta ya fi ƙarfinta. Ta sa hannu ta warware bandejin.

Haka aka shiga yi. Da safe a kwance, Fusena ta yi ta jan ludayi tana cije leɓe, da azahar ta dawo hannu kamar gwanda, Azeta ta jiƙa tsumma ta ɗaure tana share hawaye. Ranar da Mami Hagar ta gano, faɗa ta yi sosai, ta ce jijiyar da ake yagewa kullum ba ta haɗuwa. Azeta ta sunkuyar da kai ta ce to. Washegari Fusena ta miƙo hannu, Azeta ta sake kwancewa.

Kafin damina ta sauka, wata safiya Fusena ta kama kunnen tukunya za ta gyara mata zama, wuyan hannun ya goce gaba ɗaya. An kai ta asibiti, an mayar, an ɗaure, wannan karon ta huta dole. Amma ina, bakin alƙalami ya bushe. Da aka kwance, hannun ya ƙage, yatsun ba sa rufuwa, ko ƙwayar gyaɗa ba sa riƙewa. Gindin bishiyar ma ya tafi. Azeta ta ci gaba da shafa mata man kaɗe a hankali, ta ci gaba da ba ta abinci a baki, baƙin ciki na cin ta a ciki, don ta san da yatsunta ta kwance ɗaurin nan.

Bayan sallar layya aka yi suna a gidan. Tsakar gida ta cika da mata, aka sauke tiren shinkafa da wake, kowa ta wanke hannu ta matso. Azeta ta jawo ƙanwarta kusa da ita, ta dunƙula loma ta nufi bakinta. Fusena ta dubi matan nan da ke kallonta, ga 'yan mata har da masu ƙunshe dariya, kunya ta rufe ta, ta kawar da kai. Can ta miƙa hagunta a hankali ta nufi tiren.

Tas! Azeta ta make hannun. Ita kanta ba ta san ta yi ba sai da ta ji ƙarar.

Matan suka tsaya da ci. Fusena ta janye hagun ta ɗora bisa cinya, kusa da ɗayan, ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ɗago ta dubi yayarta, ba fushi a muryarta ko kaɗan.

"Yaya," ta ce, "to da wanne zan ci?"