Maganar Kawu a Cikin Mujalla

Ranar da maƙalarta ta fito a mujallar jami'a, malamar ta sayi kwafi biyu, ɗaya nata, ɗaya na Mama, wadda ba ta karatu amma tana son ganin sunan 'yarta a takarda. Maƙalar kan gurɓacewar kogin da ke bayan kamfanin fenti ce. Ta auna ruwa, ta auna ƙasa, amma abin da ya ba aikin nauyi shi ne maganar wani ma'aikaci da ta sa a tsakiyar shafi.

Ma'aikacin nan kawunta ne, ƙanen Mama, direban tankar kamfanin. Mutum ne da ba ya iya gaisuwa sai da barkwanci. Wata rana yana zaune a tsakar gidansu ta roƙe shi ya gaya mata inda suke kai dattin ruwan, ta ajiye waya tana ɗauka. Ya kwashe da dariya ya ce, "Shayi muke ce masa, 'yar boko. Ni nake kai wa surukata nata tun da sassafe, ba ta taɓa cewa ya yi zafi ba." Surukar tasa kogin ne.

Da farko ta juya maganar da bakinta, ta rubuta cewa wani ma'aikaci ya tabbatar ana zuba ruwan a kogi. Farfesan da ke duba aikinta ya ja jan biro a kai.

"Wannan maganarki ce, ba tasa ba," ya ce. "Abin da mutum ya faɗa, ki kawo shi yadda ya faɗa, ki sa masa alamar zancen wani. Sunan kawai za ki sakaya."

Haka ta yi. Ba ta taɓa ko wasali ɗaya ba. A ƙasan shafi ta rubuta: hira da wani ma'aikaci, an sakaya sunansa.

Bayan 'yan makonni, tana ofis tana duba takardun jarrabawa, wani mutum ya yi sallama. Kayansa a goge, turarensa ya riga shi shigowa. Ya ce shi lauyan kamfanin ne, ya ja kujera ya zauna tun ba a ce masa bismillah ba, ya ɗora mujallar a kan teburinta. An naɗe gefen shafin.

"Malama, aiki ya yi kyau," ya ce. "Ni ma na yi jami'a, na san ƙa'ida. Duk abin da aka kawo, sai an nuna inda aka samo shi. Wa ya faɗi wannan?"

"Ƙa'idar ce ta hana ni faɗa."

"Madalla." Ya buɗe shafin ya karanta maganar a hankali. Da ya zo kan "surukata" sai ya ja kalmar ta hanci, ya ɗan kaɗa kai, daidai yadda Kawu yake yi.

"A garejinmu kowa ya san mai suruka," ya ce yana murmushi. "Abin da nake so ki gane shi ne, kamfani bai taɓa umartar kowa ya zuba komai a kogi ba. To ɗayan biyu ne. Ko dai maganar nan ƙirƙirarta kika yi, sai ki rubuta wa mujalla ki janye. Ko kuma gaskiya ce, wani direba ya amsa da bakinsa cewa shi ya ɓata ruwan da jama'a ke sha. Wannan kuma aikin kotu ne."

Ya miƙe, ya gyara kujerar, ya bar mata mujallar.

Ta ruga ofishin Farfesa, ta gaya masa komai, har da cewa mai maganar kawunta ne. Ya saurare ta yana goge tabarau, bai dube ta ba.

"Takarda ta zo daga sama," ya ce. "Za a kafa kwamiti. In kina da muryar a waya, ki ba su, shi ke nan kin wanke kanki."

"Ranka ya daɗe, kai ka ce in kawo ta yadda take."

"Na ce ki kawo yadda take. Ban san ɗan gidanku ne ba."

Da yamma ta tarar da babur ɗin Kawu a ƙofar gida. Yana zaune a kan tabarma, hularsa a gwiwa, Mama na tsaye a bakin kicin riƙe da ludayi. Ba wanda ya amsa sallamarta da ƙarfi.

"Manaja ya kira ni," Kawu ya ce. "Shekarun da na yi a wurin nan ban taɓa taka kafet ɗinsa ba. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo min shayi a kofin gilas. Ina kaiwa baki sai ya ce, ya surukar taka?"

"Kawu, wallahi ban sa sunanka ba."

"Na sani. Bakina kika sa."

Mama ta buga ludayin a jikin ƙofa. "Ke da na ce ki yi karatu ki fitar da mu kunya! Ki je ki ce ƙarya kika yi, kowa ya huta."

"In na faɗi haka, Mama, aikina ya ƙare. Kuma ruwan nan mutane na sha."

"In ba ki faɗa ba fa? Ɗan'uwana ne zai kwana a kurkuku."

Kawu ya ɗaga hannu. "Yaya, bar ta. Ko ta janye, sun riga sun ji."

Ranar kwamiti ta shiga ɗakin taro ita kaɗai, mutane a jere a bayan dogon tebur, fanka na juyawa a sama. Suka nemi muryar, ta ce ba za ta bayar ba. Suka tambaya ko za ta janye maganar, ta ce an faɗe ta, kuma haka aka faɗe ta. Shugaban ya rubuta wani abu, ya ce an dakatar da ita daga shiga aji har sai an kammala bincike. Farfesa yana gefe yana duban farcensa.

Ta yi zaton masu kamfanin za su kori Kawu. Ba su kore shi ba. Suka bar masa tankarsa da hanyarsa, sai dai sun haɗa shi da wani sabon ma'aikaci, ƙato, marar magana, wanda ke zama kusa da shi a gaban mota. In sun isa bakin kogi, Kawu ne ke sauka ya buɗe famfon tankar, shi kuma ya tsaya daga nesa ya ɗaga waya yana ɗaukarsa, fuska da lambar mota duka. Kawu ya nemi ajiye aiki, aka ce masa ba yanzu ba.

Ya rame. Ya daina zuwa gidan sai jefi-jefi, in ya zo ma gaisuwa ce kawai. Wata Asabar malamar tana shanya a tsakar gida ya shigo da babur ɗinsa har ciki, abin da bai saba ba, ya tura ƙofa ya sa sakata. Ya gaida Mama, sannan ya matso kusa da igiyar shanya ya rage murya.

"Wace hanya kike bi in za ki makaranta?"

"Ta bayan asibiti. Lafiya, Kawu?"

"Ƙaton nan da aka haɗa ni da shi bai taɓa yi min magana ba sai jiya. Ya ce in gaishe ki. Ya ce hanyar bayan asibiti ba ta da mutane da rana, ki riƙa kula."

Ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta. Mama ta leƙo daga ɗaki tana tambayar me ake ƙus-ƙus a kai. Kawu ya ce ba komai, maganar babur ce.