Gemun Malam Harisu

Buhun siminti na kan Malam Harisu lokacin da ya ji gumi ya fara bin bayan kunnensa. Bai rage sauri ba. Akawun kamfanin da ke shimfiɗa kwalta ta Sheme ya faɗa tun da safe: duk wanda ya kai buhu gindin tsamiya bai sauke a hanya ba, za a rubuta shi lebura.

Aikin nan yake nema ido rufe. Fari ya cinye masa damina biyu a jere, har ɓeraye sun yi ƙaura daga rumbunsa. Arzikin man fetur da rediyo ke ta yayatawa ya iso ƙofar gida cikin manyan motoci, amma fa sai ga mai baƙin gemu. Sau biyu yana shiga layi, sau biyu ana ce masa ya je ya huta, sai ka ce hutu na shiga tukunya. Shi ya sa yau da sassafe matarsa Larai ta kankaro baƙin tukunya, ta kwaɓa da man gyaɗa, ta bi gemunsa da sajensa ta shafe tas. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yarda sun haɗa ido ba. Shekara arba'in suna tare, kunya irin wannan ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba.

Su shida suka ɗauki buhu. Biyu suka yar a hanya, shi kuwa ya riga sauran isa. Ya sauke a hankali, ya miƙe, daɗi ya kama shi. Sai ya yi abin da ya saba yi duk ya gama aiki: ya ce alhamdu lillahi, ya shafa fuska da tafi biyu har ƙarshen gemu.

Dariyar matasan da ke layi ce ta sanar da shi. Ya dubi hannunsa, baƙi ƙirin. Furfura ta fito fili, baƙin ya dame masa fuska.

Akawun ya taso da takarda a hannu, wandonsa mai faɗin ƙafa na sharar ƙasa. Sanusi ne, ɗan marigayi Rabo maƙwabcinsu.

"Baba, ashe kai ne? Wallahi ban gane ka ba. Yanzu tsuhwa ma fenti ake yi mata?"

"Na kai buhu, Sanusi. Da idonka ka gani."

"Na gani. To in ka hwaɗi bakin aiki ka cika, wa za a tambaya? Ni. Bature ya ce matasa shike so. Ka tahi gida ka kama tasbaha, ka bar ma masu jini a jika wuri."

Ya juya ya rubuta sunan Almu, wani saurayi wanda buhunsa ya fashe a tsakiyar hanya.

Malam Harisu ya so ya ce shi ya haƙa kabarin uban Sanusin nan, cikin ƙasa mai tsauri, bai nemi a karɓe shi ba. Amma wa zai saurari mai fuskar gindin tukunya? Ya sunkuyar da kai ya kama hanyar gida, yana tunanin abin da zai ce wa Larai.

"Baba!" Sanusi ya ƙwala masa kira. "Buhun ga hwa? Maida shi inda ka ɗauko, akwai masu jiran gwaji."

Ya tsaya jim. Sannan ya dawo, ya durƙusa, ya cicciɓi buhun shi kaɗai ya aza a ka. Layin matasa ya dare masa, babu mai dariya yanzu, babu kuma wanda ya miƙo hannu. Ya kai shi har bakin motar da ya ɗauko shi, bai sauke a hanya ba.