Gurasa a Ƙasa

…kuma kwaɓin yana ta tashi, babu ruwansa da kowa. Na jera shi a rana bisa faya-fayan yumɓu, na soke gefen kowanne da allura don ƙahonninsa su fito. Tanderu ya ɗau zafi. Hannuwana suna aiki. Ni ce dai ban san inda nake ba.

Baban Rawiya, kana ji na? Ina za ka ji, kana can Kuwait bisa gini kana ɗaure ƙarfe. Jiya ka kira, ka ce yaya 'yar tawa. Na ce lafiya lau. Yau in ka kira, haka zan sake cewa.

Na ga kwanon.

Ƙaramin shuɗin nan da Rawiya take ci a ciki tun tana rarrafe. A kife, bayan randa. Na ɗaga — madara a gindinsa, ɓarɓashin gurasa ya manne a gefe. Ko bushewa bai yi ba. Na mai da shi yadda na same shi, na ɗebi ruwana, na dawo. Na tsaya ina jiran fushi ya zo. Shiru. Kuka ma shiru. Kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Mahaifiyarka ce. Wa kuma? Ga ta can a inuwa, Hajiya Bahita, carbi a hannu, tana korar kaji da bakin mayafi. Ba ta kalle ni ba tun safe.

Farare, in ji likitar asibitin birnin Sohag. Likitar yarinya ce ƙarama, da ƙyar in ta kai ƙanwata Sabrin. Ta juyo min allon, ta ce, "Mama, matso ki gani. Wannan ɗan naman da muka tsinko ne daga hanyar abincinta. Waɗannan ɗige-ɗigen fararen ƙwayoyin jini ne." Na ce ai ni ja nake gani. Ta yi dariya, ta ce rini suka sa musu don su fito. Cunkus. Kamar tururuwa a bakin kwanon zuma, wasu bisa wasu…

Masu gadi ne, ta ce. Allah ya yi su don tsutsa da makamantanta. A wannan hanyar bai kamata a ga ko ɗaya ba. Amma jikin Rawiya, in alkama ta wuce, ko madara — likitar ba ta san wacce ba tukuna — sai fatar wurin ta kwarma ihu. Su kuwa suna cikin jijiya suna wucewarsu, sai su ji. Su rage gudu. Su manne a bango. Su matse jiki su kutsa ta tsakanin tsaga, su fito cikin nama. Wanda ya iso ya kira na baya. Kowa ya zazzage gubar da ya ɗauko wa abokin gaba, abokin gaba kuwa babu. Sai naman yarinyata.

Wurin ya ƙone, ya warke, ya yi tabo. Ya ƙone, ya warke. Hanyar tana tsukewa.

Shekarar da Nagat maƙwabciyarmu ta yi ihun ɓarawo, ka tuna? Kafin mu ɗaura ɗankwali duk mazan ƙauyen sun cika gidan da sanduna. Suka rusa katangar baya, suka tattake albasarmu, wani ya fasa wa ƙaninka goshi. Ashe jaki ne ya kwance. Suka tsaya suna haki, suna jiran a gode musu. Ni na dafa musu shayi. Me za ka ce wa wanda ya zo cetonka?

Wutar ta yi yawa. Bari in ja karan baya.

Ranar Babbar Sallah… ƙaramar tsokar nama ce fa, ba ta kai kan yatsa ba. Ta tsaya. Ba ta sauka, ba ta fitowa. Miyau yana zuba a sabuwar rigar Rawiya, idanunta a kaina, ba ta iya haɗiye ko ruwa. Hajiya na dukan bayanta tana cewa, "Ku ba ta busasshiyar gurasa ta tura ta! Gurasa!" Haka ake yi, haka aka yi min da ƙayar kifi. Tuk-tuk, keken hayan nan mai ƙafa uku, yana tsalle da mu a hanyar rake zuwa asibiti, kanta a cinyata, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Dama can ita ce ta ƙarshen tashi daga tire. Loma, ruwa. Loma, ruwa. Muna ce mata Gimbiya. Da muka ga tauna na ba ta wuya, sai muka riƙa jiƙa mata gurasa a madarar ɓaunar da muke kiwo, mai ɗumi, safe da dare. Abu mafi taushi a gidan nan. Mafi taushi…

Ba alkama, ba madara, in ji likita, har a gama saran rake. Sannan su sake sa mata barci, su zura bututun nan mai ido su duba. In taron ya watse, a dawo mata da abu ɗaya a gani. Wataƙila madarar ce kaɗai. Wataƙila gurasa ta dawo hannunta. In bai watse ba, sai an buɗa hanyar da ƙarfi. Likitar ta riƙe hannuna, ta ce, "Ko loma ɗaya, Mama. Ba kamar harbin zuma ba ne da za ki ga kumburi nan take. Ba za ki ga komai ba. A ciki suke taruwa, a hankali."

Ba za ki ga komai ba. To da me zan nuna wa Hajiya?

"Gurasa? Gurasa ce za ta kashe mutum? Ku zo ku ji min malama, wadda ta koyi baƙi a bayan kwalin shayi! Shekara nawa tana ci, ta mutu?" Na toya wa Rawiya gurasar dawa da hulba, daban, a gefen tanderu. Hajiya ta ɗauka, ta shinshina, ta ajiye. "Wannan muka ci zamanin da ba mu da komai. Ubanta yana can rana na gasa shi don 'yarsa ta koma cin abincin jakuna?" Sai ta share ido da mayafi. Ta ce dubi wuyan hannun yarinyar, kamar kara. Gaskiya ne kuwa. Kamar kara.

Ina bin ƙananan rubutun bayan ledar biskit da yatsa, a shagon Girgis, mutane na jira a bayana. Alkama. Garin madara. Alkama. Duk inda na duba suna nan.

Yau ne kawai? Ko tun farko? Kullum in na tafi yankan ciyawar ɓauna, su biyu a gida… Rawiya ba ta faɗa min ba. Shi ya sa take rungume ni in na dawo, fuskarta a gefe. An koya mata ɓoye min numfashinta.

An kusa gama saran rake. Motocin raken suna wucewa rabi-rabi yanzu. Duk kwanakin nan da ta zauna tana kallon 'yan'uwanta suna yagar gurasa mai zafi, ita da guntun dawarta — a banza? Sai a koma farko. In je in ce wa likita me? In ce kakarta tana sonta?

Alhamdulillahi. Bakina ne ya faɗa, ban aike shi ba. Ya Rabbi, ba ƙorafi nake ba. Kai ka yi alkamar, kai ka yi maƙogwaron, kai ka yi masu gadin. Ina dai tambaya, wa zai je ya ce musu su koma gida, babu ɓarawo?

Na farko sun nuna. Ƙamshin ya cika tsakar gida, ya haura katanga. Dole in toya, gidan nan baki da yawa. Ina fitarwa, ina jerawa a kwando, zafin ba ya kai wa yatsuna. Ƙahon ɗaya ya karye. Ya faɗi. Ya gangara har gaban ƙofa.

Ga Rawiya nan ta fito, gashi a tsefe rabi. Ta gani. Ta sunkuya — ni na koya mata, tun kafin ta iya magana, ba a barin gurasa a ƙasa, a ɗauka, a sumbata, a taɓa goshi, a ɗora bisa katanga don tsuntsu. Ta ɗauka. Ta hure ƙurar. Tana kai wa leɓenta…

Hannuna. Ban san lokacin da na tashi ba. Ƙarar ce kawai na ji.

Gurasar ta tashi sama, ta faɗa cikin taɓon gindin randa.

"A'uzu billahi!" Carbin Hajiya ya zame daga cinyarta. "Ni'imar Allah kika doke? A gidan ɗana?"

Rawiya tana riƙe da bayan hannunta. Ba ta kuka. Shatin yatsuna yana fitowa a fatarta, ja, a hankali, yana kumbura. Har masu gadin sun ji. Har sun fara zuwa.

"Mama, sumbata kawai zan yi."

Na sani. Na sani, 'yata.

Kaza tana matsowa, tana karkata kai. Na biyu suna ƙonewa a tanderu, ina jin ƙaurin. Mu uku, kowa na kallon wuri ɗaya. Tun da aka haife ni ban taɓa wuce gurasa a ƙasa ba. Sunkuyawa ce kawai. Bayana ya san yadda ake yi.

Tana nan a taɓo… kuma ina nan a tsaye.