Hannun Yaya

Jaririn na tsala kuka a kan katifa, uwarsa na banɗaki, Yaya kuwa na tsaye a bakin ƙofa da hannuwa a miƙe.

"Bar shi!" Umma ta taho daga kicin har tana tuntuɓe. "Yanzu uwarsa za ta fito."

Tun da ƙanwarta ta haihu, Yaya ba ta taɓa ko ɗan yatsan yaron ba. Farfaɗiya gare ta tun tana ƙarama, kuma a gidan an yi imani yawun mai farfaɗiya na harbin mutum. Kofinta daban, cokalinta daban. In ta faɗi, sai a kewaye ta ana salati, kowa ya naɗe hannu, har ta farfaɗo ta goge bakinta da kanta. Duk ta haɗiye wannan. Amma yaron nan ya shiga ranta, so take ta ɗauke shi ko sau ɗaya.

*

A asibiti ta ajiye kunya ta tambayi likita.

"Ba a ɗauka," in ji shi. "Ƙwaƙwalwa saƙo take aikawa ta jijiyoyi, kamar wuta a cikin waya. Naki ne yakan harɗe wani lokaci, shi ne faɗuwar. Ba ya bin yawu, ba ya bin numfashi. Ki riƙe maganinki, ki zauna a ƙasa, wani na kusa, ki ɗauki ɗanki."

Ta taho tana maimaita maganar a hanya kamar mai hadda.

*

Ta wanke hannu, ta zauna a kan tabarma, ta faɗa musu tiryan-tiryan.

"Ai likita ya fi mu sani," in ji Umma, ba ta ko ɗago kai ba.

Idon ƙanwar ya ciko. "Yaya, wallahi ba ni ba ce. Babansa ne ya gargaɗe ni."

Ana haka maƙwabciya ta shigo tana fyace majina. Nan take aka miƙa mata yaron, ta yi ta sumbatarsa.

"Tunda kina son taimakawa," Umma ta turo wa Yaya bahon wanki, "ga kayansa. Sabulu na kashe komai."

A bayan gida ta zaro ƴar rigar da aka cire masa yanzu. Da sauran ɗumi a jikinta, tana ƙamshin nono. Ta waiga, babu kowa. Ta ɗora ta a kafaɗa tana ɗan jijjigawa, kafin ta tsoma ta a ruwa.