Harafi Ɗaya Aka Ba Likita

Harafi ɗaya Yaya ta ce ƙaninta ya duba mata. K ne ke maƙalewa a kibod ɗin kwamfuta da take aikin fassara da shi tun kafin ganinta ya tafi gaba ɗaya. Yatsunta sun san shi yadda harshe ya san haƙora, ba ta kuma iya aiki da wani.

Ƙanin nata likitan haƙori ne, ya daɗe da yarda cewa wanda ya iya cike rami a bakin mutum babu ramin da zai gagare shi. Ya tafi da kibod gida, ya zare duk suwic ɗin da ke ƙarƙashin madannai, ya jera sababbi, ya liƙe ƙafafunsu da dalma a jikin koren allon da ke ciki. Ya dawo yana murmushin mai jiran godiya.

Kwamfutar Yaya tana da murya mai faɗin duk harafin da aka danna. Yaya ta danna A.

Muryar ta ce, "A, S, D."

Ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. "Auta, wa ya danna sauran?"

"Ba kowa, Yaya."

"Me ka yi masa?"

Ya faɗa mata.

"Duka?"

"Duka. Na ga tun da an riga an buɗe..."

"Haka kake wa marasa lafiyarka? Mutum ya zo da haƙori ɗaya, ya koma gida da dasashi?"

Ya kwance kibod a kan teburinta, ya sa tabaransa na aiki mai ƙara girma. Ga laifin nan ƙuru-ƙuru: dalma ta malala ta haɗe layukan da bai kamata su gaisa ba. Ya jona ƙarfen walda, ya narkar da ita, ya zuƙe. Da ya ɗago, sai ga wani ɗan zoben tagulla, bai kai ɓawon kifi ba, manne a bakin ƙarfen. Zafi ya ɓamɓaro shi daga jikin allon. Likita ya tsaya yana kallonsa.

"Ka yi shiru," in ji Yaya. "Ba na son shirun likita."

Ya ɗauki hantsaki yana haɗa ƙafafu biyu na kowane suwic. Layin sama, muryar ta amsa. Layin ƙasa, ta amsa. Na tsakiya kuwa, ko tari. Ba sai an yi wa Yaya bayani ba, da kunnenta ta ji rabin sana'arta ya mutu.

Ya kankare koren fenti a hankali har siririn layin tagulla ya bayyana, ya ɗora waya mai kaurin gashi ta tsallake wurin da ya yanke. Ya taɓa da hantsaki.

"K," in ji muryar.

Ya rufe kibod ya ɗaure, ya miƙa mata yana share gumi. Ta fara bugawa, haruffa na fita daidai, har babban yatsanta ya sauka a gefen dogon madannin nan na ƙasa. Madannin ya karkace kamar benci mai ƙafa ɗaya, bai ba da tazara ba.

Likita ya laluba jakarsa. Can ƙasa ya samo wani lanƙwasasshen ƙarfe da robobi biyu, abin da ke riƙe dogon madanni ya tsaya daidai. Kafin a liƙa suwic ake sa shi.

"Sai an sake narkar da duka," ya ce.

"Allon zai jure?"

"Wataƙila."

Yaya ta bi wayar ƙarfen walda da hannu har bango, ta zare ta. Ta jawo kibod gabanta, ta nemo tsakiyar dogon madannin, ta danna, ta sake dannawa, tana koya wa yatsanta inda zai riƙa sauka.